Abin da Ya Sa Nake Kashe Waya da Safe

Yaya Kubura,

Ina gaishe ki. Yaya jikin Inna da mutanen Katuru?

Ina Legas lafiya, sai gajiyar dako da ba a rasa ba. Ɗinkin hula ban bari ba. Da na idar da sallar asuba nake ɗaukar allura, don da yamma yatsuna ba su lanƙwasuwa.

Kin ce ba na ɗaukar kiranki da safe. Kada ki yi fushi. Kashe wayar nake yi, don duk ranar da na fara da labarin hanyar Shinkafi, hannuna rawa yake, zare ya ƙi shiga allura.

Ki kira da hantsi. Ko mene ne, lokacin zan iya ji.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Muhtari