Ba-Goma-Ba

Lahadi, 14 Agusta

Na dawo makaranta daga zaman makokin Baba. Wata goma sha ɗaya na kalandarmu zan yi ina karanta masa Kadish kullum, addu'ar mamaci ta mu Yahudawa, ita kuwa ba ta yiwuwa sai maza goma sun hallara. A Melbourne ko a titi ka tsaya za ka tara goma. Nan, tafiyar awa biyu cikin gonaki, daga mu sai tumaki.

Yara takwas, ni, da Reb Anshel mai dafa abinci. Goma cif. Takardar korar Faibel kuwa, ɗaya daga cikin yaran, tana cikin aljihun teburina tun kafin rasuwar, sa hannu kawai ya rage. Makaranta huɗu suka kore shi, mu ne na biyar, saboda ragon da ya shigo da shi ɗakin karatu ya ɗaura masa hulata. In ya tafi mun zama tara.

Baba, ka gani ko? Ka rasa lokacin tafiya sai yanzu.

Litinin, 15 Agusta

Faibel ya zo addu'ar safe da bargo a ka. "Rebbe, ni fa ban yarda da komai ba, jikina kawai na kawo." Rebbe, wato malam, haka suke kirana. Na duba littafin dokokinmu. Abin haushi, jikin ma ya wadatar.

Tunda a al'adarmu ba ma ƙirga mutane kai tsaye, sai dai ba ɗaya ba, ba biyu ba, shi kuma kullum shi ne ƙarshe, yara sun sa masa Ba-Goma-Ba. Har amsawa yake.

Alhamis, 1 Satumba

Faibel ya tsaya a ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje, wai nawa ne daga jikinsa doka take buƙata. Tambaya ce mai kyau, Allah ya isa. Awa biyu muka yi kan littafi muna musu. Bai taɓa zama haka ba. Ya ce ba karatu ba ne, faɗa ne.

Talata, 15 Nuwamba

Ban sa hannu a takardar korar ba. Don Baba ne kawai.

Laraba, 15 Maris

Motel, ƙaraminsu, ya gudu da sassafe. Ina tsaye da mayafin addu'a, ba mu cika goma ba, ni kuwa ban taɓa tsallake rana ba. Sai ga Faibel ya saɓo shi a kafaɗa tun daga tashar bas, shi yana numfashi sama-sama, Motel yana shure-shure.

"Kai wawa, ka bari a gama mana, sai ka gudu kamar kowa! Uban mutum ne fa."

Motel bai sake gudu ba. Reb Anshel ya soya masa ƙwai uku.

Lahadi, 25 Yuni

Kadish ta ƙarshe. Na yi kuka a gabansu, ban damu ba.

Da na koma ofis, ga Faibel zaune kan jakarsa. Ashe tun Agusta ya buɗe aljihun teburin da cokali ya karanta takardar.

"Wata goma sha ɗaya sun cika, Rebbe. Na gama aikina. Sa hannu in kama bas ɗin rana."

Wato duk sanyin nan da yake tashi, ya san ranar da zan daina buƙatarsa. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Na ce masa kwanan watan takardar ya wuce, sai an sake rubutawa, kuma bironmu ya ƙare. Ya dubi biro shida da ke kan teburin, ya ɗauki jakarsa ya koma ɗaki.

Litinin, 26 Yuni

Na makara addu'ar safe, karo na farko tun Agusta. Bugun ƙofa ya tashe ni, kamar za a ɓalle ta. Faibel ne.

"Rebbe! Mu tara muna ta jira. In ba ka da niyya, ko jikinka kawai ka kawo."

Ban sayi biro ba. Babu lokaci.