Tsumman da Na Gudo da Shi

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Zongon Kutonu. Yaya ƙafarki, yaya su Sadiƙu? Ni lafiya lau, ƙunar hannuna ma ta kusa warkewa, kada ki damu.

Har yanzu ina ɗakin Hajiya Ummu Salama, wadda ƙungiyarsu ta mata masu tuwo ta fito da ni daga gidan da aka kulle ni ina bauta. Da cinikin tuwonta take ciyar da mu.

Jiya wasu 'yan biro, wato ma'aikatan ofis, suka zo daga unguwar Ganhi, wai za su nemo wa ƙungiyar taimako. Suka ce in cire sabon zanen da Hajiya ta saya mini, in ɗaura tsumman da na gudo da shi, don masu kuɗi su ji tausayi a hoto. Bara ma haka suka yi wa wata. Su aka ba lambar yabo, Hajiya ko buhun masara ba ta gani ba.

Raina ya ɓaci, Inna. Na ce tsumman yana nan, da shi muke sauke tukunya. Mai son ganinsa ya zo ya kama mana.

Ki sa Hajiya a addu'a. Su kam sun riga sun karɓi ladansu.

'Yarki,
Bushira