Bindigogin Marigayi Ba Za Su Shiga Ganga Ba

Assalamu alaikum, Yaya Sule.

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar taka? Yaya Hajiya da yara, da ƙarin haƙurinmu? Mu ma nan Bronx alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, kuma wallahi raina ya ɓaci. Wai in cusa bindigogin farautar ƙaninka a cikin gangar kayan da zan aiko gida, in rufe da zannuwa! Yaya, so kake a ɗaure ni in bar marayu? Shi kansa marigayi bai taɓa shigo da su garin nan ba. A ƙauyen abokinsa na farauta ya ajiye su, kabad guda cike.

Tun da na fita takaba nake zirga-zirga a kansu. Doka ta ce sai dillali mai lasisi zai saya. Malam ya ce ba rabon gado sai an sayar. Dillalin kuma kullum da takardar da zai ce in kawo, sai makon jiya ya ce sun cika. Ni da ban taɓa riƙe bindiga ba, yau har sunayensu na haddace.

Ranar Asabar ya zo kwashewa, ya ga layar mahaifinku ɗaure a gindin wadda marigayi ya fi so, ya zaro wuƙa zai yanke. Na daka masa tsawa, na kwance ta da hannuna.

Ka gaida Hajiya, ku sa mu a addu'a. Layar ce kaɗai za ta zo maka a ganga.

Matar ƙaninka,
Rabi