Kiran salla a Walia

Daren Laraba, ƙarshen damina.

Yau na naɗe tabarmata daga shagon Kawu a unguwar Gardole. Tun zuwana Njamena kan buhunansa nake kwana, ina masa gadi kyauta. Sai nan Walia, ƙetaren kogi, na samu ɗaki daidai ƙarfina.

Kawu ya tare ni a ƙofa: "Walia za ka? Ko kiran salla ba a ji a can!"

Babba ne, sai na saɓa tabarmata na wuce.

Gaskiyarsa kuwa, magariba ta yi, sai kukan kwaɗi. Na fito tsakar gida na kira salla da kaina. Wani masunci ya leƙo riƙe da buta, muka yi jam'i.

Da asuba zan ɗaga murya har Kawu ya ji daga Gardole.