Ruwan alwalar Inna

Laraba da dare, watan Yuli

Na gyara bawul ɗin hitar ɗumama ruwan banɗaki, amma hankalina bai kwanta ba.

Da asuba na tarar yana ɗiga ta silin, inda hitar take. Na hau kujera na rufe ruwan da ke shiga hitar, na tafi aiki Al Warsan da niyyar in sayo sabo in na tashi. Shaf na manta cewa a zafin Dubai, hitar da aka kashe ita ce randarmu. Jan famfo mai zuwa daga hitar ke ba da ruwan sanyi, shuɗin kuwa daga tankin saman bene yake zuwa, kamar an sauke shi daga murhu. Ni da bakina na koya wa Inna haka ranar da ta iso ganin likita.

Da azahar ta murɗa ja, babu ruwa, sai ta yi alwala da shuɗin. Hannu da fuska ta yi a gurguje, ƙafafu kuwa ta sakar musu ruwa, tunda ciwon suga ya kashe mata jinsu.

Na dawo na ɗaura sabon bawul, na naɗe da farin tef, yoyo ya tsaya, shi ke nan. Ina ta jin kaina injiniya, sai idona ya kai kan yatsun ƙafar Inna. Duk sun yi bororo.

"Inna, me ya hana ki kira ni?"

"Kana wajen neman halalinka zan dame ka a kan ruwa? Ni ban ma ji komai ba."

Gobe da sassafe sai asibiti. Likita ya sha gaya mini ciwo a ƙafarta ba ƙaramin abu ba ne.

Da zan fita aiki yau da safe, ban manta da tara bokiti ba don kada tayil ya jiƙe. Ƙofar Inna ce kawai ban ƙwanƙwasa na gaya mata na rufe ruwan ba.