Kadangaren Katangar Inna

Daren Laraba, Korgom.

Yau na yi wa Baba laifi. Tun da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, nake fito da shi tabarma ya sha hantsi. Ban taɓa duba agogo ba, kadangaren tsohuwar katanga nake dubawa, yadda Inna, Allah ya jiƙanta, ta koya mini. Da safe yakan baje cikinsa a gefen gabas har jikinsa ya ɗumama. In ya ɗaga jiki ya shige tsagar bango, to rana ta fara cizo, sai mu ma mu koma inuwa. Haka Inna take kiran mu daga wasa muna yara.

Jiya ƙanena Isa ya zo daga Tasawa da magina, suka rushe katangar, za a yi ta siminti. Yau ina ta tankaɗe ina jiran kadangaren da babu shi. Ko da na waiwaya, Baba ya jiƙe da zufa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na roƙi Isa ya bar mini tsibin tsoffin tubala a gabas.

Ya yi dariya. "Haba Yaya, ga wayar portabul na saya miki, mai agogo!"

Na ce, "Portabul ɗinka ya san zafin rana?"

Baba ya ce, "Bar mata, Isa. Na uwarku ne."

Da la'asar na ga kadangaren mai jan kai bisa tubalan, yana gyaɗa kai. Alhamdu lillahi. Gobe da hantsi ni da shi.