Ƙwayoyin da Baba Ya Kyautar

Garwa, 4 ga Maris

Nasrullahi,

Bayan gaisuwa. Ka karanta wannan, ka karanta wa ƙannenka. Kada wanda ya ce tsoho mai hawan jini lafiyarsa ƙalau don bai ce wayyo ba.

Ran Talata kofin shayi ya suɓuce daga hannun babanku, harshensa ya yi nauyi. Bayan minti goma ya ware, har yana yi mini dariya. Na kai shi asibiti. Dokta Geneviève ta ɗauki hoton wuyansa da kansa. Ta ce jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa ta tsuke, kuma akwai tabo uku a ƙwaƙwalwar, na ƙananan shanyewa da suka wuce ba wanda ya lura. Ta ce babbar tana iya biyowa.

Ta tambaya ko yana shan maganinsa. Na ce kullum, tunda ina ganin kwalin yana ƙarewa. Ta auna tansiyonsa, wato hawan jininsa, ya kai sha tara, ya hau kamar na wanda ba ya shan magani. Shi ya ƙi magana. Kai ne abokin shawararsa. Ina ƙwayoyin suke tafiya?

Mahaifiyarka,
Zuwaira

Maruwa, 9 ga Maris

Inna,

Ina gaisuwa da ladabi. Ki gafarce ni. Da na zo Sallar bara, hannun Baba ya saki a kan hanyar masallaci, sannan ya dawo daidai. Ya ce mataccen jini ne ya taru a ƙeyarsa. Na raka shi wurin wanzami aka yi masa ƙaho. Ya ji sauƙi, ya ce ya warke. Tun daga lokacin maƙwabcinmu Léon yake ba ƙwayoyin, wai shi ya fi bukata. Ya ce mini, "Kada innarka ta ji." Ban iya saɓa masa ba.

Ɗanki,
Nasrullahi

Garwa, 13 ga Maris

Nasrullahi,

Na samu takardarka. Biyayyar da ka yi ta cinye mana shekara guda. Léon kuma na tura shi ya ga likita da kansa.

Ga dokar gidan nan daga yau. Babanku zai haɗiye maganinsa a gabana kowace safiya. Wanda ya ga bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, ya kai shi asibiti nan take, ba sai ya nemi izininsa ba. In kuma ya ce kada in ji, a faɗa mini kafin a fita ƙofa.

Mahaifiyarka,
Zuwaira